Bai Dace Ba

Ranar Talata, ƙarfe sha ɗaya saura kwata, likitar ƙoda ta rufe fayil ta ce a cikin mutum ukun da suka ba da jini a gwada babu wanda za a ɗauka.

Mai-Gyara ya ce ta faɗa masa ɗaya bayan ɗaya. Shekara ashirin da biyu ya yi a maɗaba'a yana bin rubutun mutane da jan biro, bai saba a ba shi magana a dunƙule ba.

"Kai, rukunin jininka da na 'yarka ba ɗaya ba ne," in ji likitar. "Hakan na faruwa tsakanin uba da 'ya, ba wani abu ba ne. Yayanka ya yarda in gaya maka yana da hawan jini. Ƙanenka kuma bai dace ba."

"Ta wace fuska?"

"Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan. Sakamakon kowa nasa ne."

Yarinyar tana waje kan benci, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba. Shekararta goma. Lauya ake ce mata a gida, don tun da ta fara magana ba a taɓa gaya mata abu ta ce "to" ba sai ta ji dalili. Wata huɗu ke nan da ƙodojinta biyu suka tsaya. Sau uku a mako ake yi mata wankin ƙoda ta wani siririn bututu da aka dasa mata a gindin wuya, kuma likita ta ce maganin ɗaya ne, a samu babban mutum mai lafiya ya ba ta ƙoda guda. Uwarta ta rasu yarinyar tana shekara shida. Tun daga nan ya kwaso ta suka koma gidan da aka haife shi, inda mahaifiyarsu Inna take zaune da Yaya Babba da iyalinsa, da kuma Auta mai walda.

"Wa ya ci?" ta ce, kamar jarrabawa aka zauna.

"Ba kowa."

"Har Baba Ƙarami? Shi da ya ce ƙodarsa ta fi ta kowa ƙiba?"

"Har shi."

Ta ɗan yi tunani. "A sake ba shi takardar. Ƙila bai gane tambayar ba."

A gida sun tarar da Inna a baranda tana ninke wanki. Ya gaya mata yadda aka yi, ya ƙare da cewa Auta ma bai dace ba. Ba ta ɗaga kai daga zanen da take ninkewa ba.

"Ai bai dace ba," ta ce.

Ya ɗauka maimaita maganarsa take yi, irin ta tsofaffi.

Auta bai ci abinci tare da su ba ranar. Washegari ma haka. Da, shi ne mai goya Lauya daga bakin titi zuwa ƙofar asibiti yana kukan jaki, tana dukan kansa tana cewa ya rage gudu. Yanzu aiki ya yi masa yawa. Duk ƙofofin ƙarfen garin, da alama, a watan nan suka yanke shawarar karyewa.

Matar Yaya ce ta fara, kwana uku bayan nan, tana zuba shayi.

"Ikon Allah. Maza uku, uwa ɗaya uba ɗaya, a ce ko ɗaya jininsa bai hau da na yarinya ba? Har da uban?"

Mai-Gyara ya ciro biro, ya juya bayan wata tsohuwar takardar gyara, ya zana musu yadda kowane yaro ke ɗaukar rabi wurin uwa rabi wurin uba, da yadda rukunin ɗa ke iya saɓa wa na mahaifinsa. Ya yi bayanin a hankali, har da kibiyoyi.

Yaya Babba ya dubi takardar a juye. "Mu ba mu yi karatun da ka yi ba, Malam. Mu dai a saninmu jini ya san gidansu."

"Ku bar zancen nan," in ji Inna. "A bar marigayiya ta kwanta lafiya."

Babu wanda ya ambaci marigayiya kafin lokacin. Inna ce ta tashe ta don ta ce a bar ta ta kwanta.

Daga nan maganar ba ta sake bukatar mai ɗaukarta ba, da ƙafarta take yawo. Ba a taɓa faɗarta gaba ɗaya ba. Rabi ake faɗa, a bar wa mai sauraro ya ƙarasa, yadda in an tashi neman mai laifi kowa zai rantse ba daga bakinsa ta fito ba. Da Mai-Gyara ya ce zai sake tuntuɓar dangin uwar, ko da yake tsoho ɗaya ne mai ciwon suga sai ƙanwa mai juna biyu, Yaya Babba ya ce, "Haka ya kamata. A nemi waɗanda suka fi mu kusa da ita. Ko su wane ne." Da wata maƙwabciya ta shigo dubiya ta ce yarinyar ta rame, matar Yaya ta ce ai dama ba ƙirar gidan nan gare ta ba.

Ita kuwa Lauya ƙishirwa ce gabanta. Rabin lita aka yanka mata a yini, har da na shan magani. Ta samo kwalba ta ja mata layi shida da biron ubanta, ta raba ruwanta kamar mai rabon gado. In ta matsu sai ta tsotsi ƙanƙara guda, ta riƙe ta a baki har sai ta ƙare, idonta a rufe. Wata rana ya kama ta a banɗaki tana lasar bakin famfo. Kafin ya yi magana ta ɗaga hannu.

"Lasa ba sha ba ne. Likita sha ta hana."

Ƙafafunta suka kumbura, takalmin makaranta ya daina shiga, sannan makarantar ma ta daina yiwuwa. Fatarta ta yi duhu, tana ƙaiƙayi har ta fasa. An sa sunanta a jerin masu jiran ƙodar wanda ya rasu, amma likita ba ta ɓoye masa ba, jerin dogo ne, masu bayarwa kaɗan ne. Ranakun wanki shi kaɗai ke kai ta. Inna gwiwarta na ciwo. Matar Yaya ba ta son warin asibiti. Yaya Babba yana da taro. Mai maɗaba'a ya yi masa haƙuri wata biyu, a na uku ya fara aiko masa da shafukan gida, sai ya riƙa gyara su a kan cinyarsa a ɗakin wanki, na'ura na ta ƙara kusa da kunnensa.

Ya san gaskiyar maganar jini. Ya karanta ta a littafi fiye da ɗaya, likita kuma ta faɗa masa da bakinta. Amma abin da mutum ya karanta sau ɗaya da abin da yake ji sau uku a rana wajen cin abinci ba nauyinsu ɗaya ba. Ya tuna shekarar da aka haife ta an tura shi aikin wata uku a wani gari. Ya ƙirga watannin, suka fito daidai. Ya sake ƙirgawa. Mutumin da ya yarda da lissafinsa ba ya sake ƙirgawa, shi ma ya san haka, ya kuma ƙirga na uku. Matar da ta yi shekara goma sha ɗaya tana ajiye masa gefen katifa mai laushi, yanzu ita yake bi da jan biro, ga ta ba ta da bakin kare kanta.

Sai ya fara duban yarinyar. Kunnenta, goshinta, yadda babban yatsan ƙafarta ya karkata. Yana yi ne in ya ga ta rufe ido.

Ranar wata Juma'a, awa ta biyu a kan na'ura, ta buɗe ido ta same shi a kai.

"Baba, me kake nema? Kuskure?"

"Barcinki nake dubawa."

"Haka kake duban takarda in kana zargin akwai kuskure." Ta lashi leɓenta da ya bushe. "Ka samu?"

Ya yi dariyar da ba ta fito ba.

"'Yar gidan Baba Babba ta ce kada in ƙara shan ruwa da kofinta. Na ce ciwona ba a ɗauka. Ta ce ba don ciwo ba ne, wai jinina ba na gidan ba ne, shi ya sa ya ƙi kowa. Ta ce kowa ya sani." Ta juyo gaba ɗaya ta dube shi. "Baba, ni 'yar wa ce?"

Jinkirin da ya yi bai daɗe ba. Numfashi ɗaya ne, ko ɗaya da rabi. In a gaban wani yaron ne, da ya wuce ba a lura ba.

"Kada ki juya wuya, bututun zai toshe," ya ce.

"Ba ka amsa ba."

"Zancen banza ba a amsa shi."

Ta ci gaba da dubansa. Can ta mayar da kanta kan matashi, ta dubi silin.

"To," ta ce.

Bayan wannan ta daina gardama. Ta sha magani ba tambaya, ta miƙa hannu a ɗebi jini ba tambaya. Nas-nas suka ce masa yarinyar ta yi hankali. A gida ta daina fitowa baranda. In ya shigo ɗaki yakan same ta ta juya wa ƙofa baya, kwalbarta a gefe. Ya sha buɗe baki zai yi maganar, sai ya ga kamar tayar da ita zai ƙara mata nauyi, ya ce bari sai ta ɗan ji sauƙi. Haka ya gaya wa kansa. Uzurinsa ya fi na 'yan gidan tsari, don shi ya iya jera kalmomi.

Mako bakwai aka yi a haka.

Wata Litinin, rabin awa da ɗora ta kan na'ura, jikinta ya kama rawa har gadon na motsi. Zazzaɓi ya hau. Suka ce ƙwayar cuta ta bi bututun wuyan ta shiga jini, za a kwantar da ita. Aka sa mata ruwan magani, aka ce ya jira a waje su gyara ta.

A bencin wajen akwai wata tela da suke haɗuwa ranakun wanki, 'yarta ma ƙodar ce. Yau tana rungume da wata farar jarka mai jan murfi da takarda manne a jiki.

"Ka gan ni da jarkata kamar mai sayar da mai," ta ce. "Kada ka matso, Malam, ba turare ba ne."

Ya tambaye ta ta mene ne, don dai a yi magana.

"Fitsarin kwana guda cur. Duk inda na shiga da ita nake shiga. Jinina ya hau da na yarinyar, shi ne aka zo mataki na biyu. Daga nan sai hoton ciki, sai a sa rana." Ta gyara riƙon jarkar. "Ai ba kowa ake ba ba. Wanda jininsa bai hau ba tun ranar farko ake sallamarsa. In ka ga mutum da jarkar nan, to ya tsallake."

Ya san jarkar. Ya gan ta bayan ƙofar ɗakin Auta, mako biyu kafin waccan Talatar da likita ta rufe fayil, har ya ce a ransa yaron nan wata rana zai ƙona gidan da ajiye mai a ɗaki.

"In mutum ya tsallake," ya ce, "sai kuma ya fasa fa?"

"Ana yi. Ni ma sau uku suna shigar da ni ɗaki ni kaɗai suna tambayata ko tilasta ni aka yi. Suka ce in na fasa ba za su tona mini asiri ba, za su ce wa dangi kawai ban dace ba. Ka ji mutanen kirki."

Daga bencin zuwa ƙofar ɗakin da Lauya take bai fi taku goma ba. Shagon Auta kuwa sai an hau mota biyu. Ya tashi ya nufi shagon.

Ya same shi a durƙushe kan wata ƙofar ƙarfe, wuta na tartsatsi. Auta ya kashe injin, ya ɗaga murfin fuska.

"Yaya Malam. Jikin nata ne?"

"Jarkar da na gani a ɗakinka, ta mece ce?"

Auta ya dubi ƙofar ƙarfen, ya dubi hannunsa. Ƙaton mutum mai shekara ashirin da takwas ya zauna a ƙasa cikin ɓurɓushin ƙarfe ya fashe da kuka.

"Likita ta ce ko tagwaye sai haka. Wallahi har rana aka kusa sawa. Na gaya wa Inna don ta yi mini addu'a. Ta ce in na bari aka yanka ni ba ta yafe mini nononta ba. Yaya Babba ya ce in koma in ce na fasa."

"Da suka fara cewa ba 'yata ba ce, kana wurin."

"Ina wurin."

"Kana ci kana sha."

"Na daina ci tare da ku, Yaya."

"Sannu da ƙoƙari," in ji Mai-Gyara.

Ya tasa shi gaba zuwa gida. Inna tana baranda, Yaya Babba ya dawo cin abincin rana. Mai-Gyara bai yi sallama ba. Ya faɗi abin da ya ji a tsaye.

Inna ba ta razana ba. Ta ajiye kofin hannunta.

"Ni na ce maka jininsa bai hau ba? Cewa na yi bai dace ba. Kuma har gobe bai dace ba. Yaro bai yi aure ba, bai ga ɗansa ba, da ƙarfinsa yake ci, a kwantar da shi a farke masa ciki? In ya mutu a wurin fa? In ɗayar ta lalace wa zai ba shi? Kai da aikinka ke nan gyaran magana, ka ji abin da kake son ji."

"Jikarki ce, Inna."

"Shi kuma ɗana ne. Ni na yi naƙudarsa."

"Zauna, Malam," in ji Yaya Babba. "Ka tsaya kanmu kamar ɗan sanda. Mun duba abin nan ta kowace fuska. An ce ƙodar ma ba ta dawwama, shekara goma sha wani abu sai a sake neman wata. A nakasa mai lafiya don a ja wa mara lafiya kwana? Kuma mun ɓoye maka ne don kada zumunci ya ɓaci."

"Uwarta fa? Ita me ta yi muku?"

Matar Yaya ta leƙo daga ɗakin girki. "Ni dai tambaya na yi. Tambaya laifi ce?"

"Babu wanda ya ce komai a kan marigayiya," in ji Yaya Babba. "Ka kawo mutum ɗaya da ya ce. Mutane ne suka yi ta tambaya me ya sa gida cike da maza an rasa mai bayarwa. Me kake so mu ce musu? Mu ce mun hana?"

"Gara a ce jini ne," Inna ta ce a hankali. "Jini ba laifin kowa ba ne. Wadda ta tafi kuma magana ba ta yi mata ciwo."

"Yarinyar ta ji."

"Yara suna mantawa."

Auta ne ya yi magana daga bakin ƙofa, hancinsa na zuba. "Zan bayar, Inna. Ki yafe ko kada ki yafe."

Inna ta ɗora hannu a ka ta fara salati, matar Yaya ta fito ta riƙe ta. Mai-Gyara bai tsaya kallo ba. Ƙarfe huɗu da wani abu suka isa asibiti, shi da Auta, yana tafe yana shirya yadda zai faɗa mata, da wace kalma zai fara.

Gadon babu kowa, an cire zanen. Nas ta ce tun ƙarfe biyu numfashinta ya sarƙe, an kai ta ɗakin kulawa ta musamman, an sa mata na'urar numfashi, an ba ta maganin barci don kada ta fizge bututun. Sun neme shi a benci ba su gan shi ba.

"Ta tambaye ni?"

"Ta dubi ƙofa dai. Ba ta ce komai ba. Ai ba ta da rigima."

Likitar ƙoda ta saurari Auta har ya gama. Ba ta nuna ta san komai ba, ba ta kuma nuna mamaki ba.

"Wata biyar da suka wuce da na yi aikin da kwanciyar rai," ta ce. "Yanzu cutar ta kai zuciya. Ko ta farfaɗo, jikinta ba zai ɗauki tiyata ba sai bayan watanni. In ta farfaɗo."

Kwana shida ta yi. Minti goma ake ba shi safe da yamma, da riga da takunkumi. Yakan sunkuya daidai kunnen nan da ya yi ta bincika ya yi magana. Wata nas ta ce masa wani lokaci suna ji. Ya yi karatun da ya isa ya san haka ake gaya wa kowa. Ranar Lahadi da hantsi suka kashe na'urar.

A gida Inna ta fi kowa kuka, kuma kukan gaske ne, abin da ya fi ba shi haushi ke nan. "Jikata," take ta cewa, "jikata ta tafi ta bar ni." Yaya Babba ya zauna wurin masu gaisuwa yana gaya wa duk wanda ya zo cewa sun yi iya ƙoƙarinsu, su uku duk sun ba da jini, Allah bai nufa ba. Masu gaisuwa suka ce samun dangi irin wannan sai an tona. Ba a sake jin zancen jinin da ba na gida ba. Ya gama aikinsa, an ajiye shi.

Mai-Gyara bai ƙaryata su ba. Ya bar gidan a makon, ya kama ɗaki ɗaya kusa da maɗaba'a. Auta yakan zo ya tsaya a bakin ƙofa, wani lokaci ya buɗe masa, wani lokaci bai buɗe ba. Mutane suna cewa fushi da danginsa ne ya mayar da shi haka, ya bar su a kan haka, don fushin da sauƙin ɗauka. Su sun hana ta ƙoda, kuma ko alƙali ba zai tilasta wa mutum ya ba da naman jikinsa ba. Abin da ta roƙa a wurinsa ba ya bukatar gwajin jini, ba ya bukatar sa hannun likita ko yardar Inna. Yana da shi a bakinsa ranar Juma'ar nan, ya kuma riƙe shi mako bakwai, ya hau mota biyu da shi ya dawo. Ta yi tambaya tana duban idonsa, amsar kalma uku ce.

Ke 'yata ce.